Ilmin Da Aka Raba A Suleja: Abin Da Cibiyar Tukwane Ta Ladi Kwali Ke Nuna Wa 'Yan Kasuwa

SULEJA — Duk wanda ya juya takardar kuɗi ta Naira 20 zai ga hoton wata mata tana aikin ginin tukunya. Wannan mata ita ce Ladi Kwali, wadda ta yi suna a cibiyar koyar da ginin tukwane ta Suleja, kuma tun shekarar 2007 Babban Bankin Nijeriya ya sa hotonta a bayan wannan takarda. Jama'a da dama sun san sunanta, amma kaɗan ne suka tsaya suka bincika yadda aka yi 'yar ƙauyen da ba ta yi karatun boko ba ta kai wannan matsayi. Ga ɗan kasuwa kuwa, binciken yana da amfani ƙwarai, domin tarihin cibiyar Suleja tarihi ne na mutanen da suka buɗe wa juna asirin sana'arsu ba tare da sun nemi ko kwabo ba, da kuma abin da buɗewar ta jawo na riba da na hasara.

Tsoron da ke hana mai sana'a koya wa wani abin da ya sani sanannen abu ne, kuma ba a ce masa tsoron banza ba. Tela da kafinta da bakanike duk suna ganin cewa yaron da ya ƙware a hannunsu gobe zai kama shago a tsallaken titi ya janye musu masu ciniki. Shi ya sa za ka tarar maigida ya aiki yara sayen abinci a daidai lokacin da zai haɗa abin da shi ne gishirin aikin, ko kuwa ɗan kasuwa ya yi shekara goma da yaronsa bai taɓa nuna masa inda yake sarin kaya ba. Sau da yawa irin wannan maigida yakan koma ga Mahaliccinsa da asirin a cikinsa, 'ya'yansa su gaji kayan aiki su rasa yadda za su yi da su.

Batun ya fi shafar garuruwan da ke kewaye da Babban Birnin Tarayya. Tun bayan da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a watan Disamba na 1991, garuruwa irin su Suleja da Madalla da Sabon Wuse da Garam suka zama masaukin ma'aikata da masu sana'ar hannu waɗanda kuɗin hayar birnin ya fi ƙarfinsu. Garam, wanda ke Ƙaramar Hukumar Tafa cikin masarautar Suleja, a kan hanyar da ta tashi daga Bwari zuwa Sabon Wuse, asalinsa gari ne na manoman Gbagyi, watau waɗanda Hausawa ke kira Gwari, amma a yau ana samun masu buga bulo da masu walda da kafintoci da 'yan tireda daga sassa daban-daban na ƙasar nan. Inda masu sana'a iri ɗaya suka taru haka, tilas kowa ya yanke wa kansa shawara, ko ya ɓoye abin da ya sani ko ya raba. To, a cikin wannan masarauta an taɓa gwada raba ilmi a fili, kuma an ga abin da ya biyo baya.

Kafin a shiga labarin, ya kamata mai karatu ya tuna cewa garin da ake kira Suleja yanzu shi ne Abuja ta asali. Zuriyar sarakunan Zazzau da suka baro Zariya a zamanin jihadi su ne suka kafa shi, ƙarƙashin Abu Ja, a shekarar 1828. Da gwamnati ta tsai da shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai aka ɗauki sunan Abuja aka ba sabon birnin, tsohon garin kuma aka raɗa masa Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Saboda haka duk tukunyar da masana ke kira “ta Abuja” a kasuwannin duniya, a Suleja aka gina ta.

A shekarar 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani Bature ɗan Ingila mai suna Michael Cardew aikin jami'in kula da sana'ar tukwane. Cardew ya koyi aikin ne a hannun Bernard Leach, ɗaya daga cikin mashahuran maginan Ingila, sa'an nan ya yi aiki a Gana daga 1942 zuwa 1948, inda ya sha wahala bai kuma ci wata riba ba. Da ya iso Nijeriya sai ya fara da rangadi, yana bin garuruwa da ƙauyuka yana duba yadda ake gina tukwane da yadda ake toya su. Abin da ya rubuta wa gwamnati bayan rangadin ya saɓa wa abin da aka saba ji daga Turawan wancan zamani, domin ya nuna cewa tukwanen gargajiya ba su bukatar gyara: suna da araha, suna jure wuta, suna sanyaya ruwa, kuma masu gina su sun san aikinsu. Shawararsa ita ce a ƙyale su yadda suke, a kafa sabuwar sana'a ta yin tangaran, watau faranti da kofi da butar shayi masu sheƙi, domin a rage shigo da su daga waje. Ya zaɓi Abuja ta wancan lokaci saboda akwai yumɓu mai kyau da itacen wuta da ruwa, ga kuma goyon bayan Sarki Sulaimanu Barau, duk da cewa garin na nesa da hanyar jirgin ƙasa. Cibiyar ta fara aiki a 1952.

Ya kamata a fahimci girman ilmin da aka zo da shi. Tukunyar gargajiya a fili ake toya ta, a tara ta a matoya a lulluɓe da itace da ciyawa a cinna wuta, kuma zafin bai cika wuce digiri 800 ba. Tangaran kuwa sai an sa shi a rufaffen murhu an yi sa'o'i masu yawa ana zuba itace har zafin ya haura digiri 1,200, inda yumɓun zai haɗe ya yi tauri kamar dutse. Sheƙin da ke jikinsa ana haɗa shi ne da toka da niƙaƙƙen dutse da farar ƙasa bisa wani ma'auni, kuma in aka kuskure ma'aunin ko aka gaggauta wutar, aikin wata guda zai fito a farfashe. A Turai irin wannan haɗi asiri ne da ake tsarewa kamar dukiyar baitulmali. Masana'antar tangaran ta Meissen da aka kafa a Jamus a 1710 a cikin wata ganuwa aka ajiye ta, ma'aikatanta kuwa kusan tamkar fursunoni suke don kada asirin ya fita. Duk da haka ba a cika shekara 10 ba asirin ya tsallaka zuwa birnin Biyana na Ostiriya ta hannun ma'aikacin da ya gudu. A Abuja, Cardew bai ɓoye wa ɗalibansa komai ba, tun daga yadda ake gane yumɓu a daji har zuwa ginin murhu, kuma a 1969 ya tattara abin da ya sani ya buga a littafi mai suna Pioneer Pottery, wanda maginan tangaran a ƙasashe da dama suka dogara da shi.

Ɗaliban farko duk maza ne. Amma tun lokacin rangadinsa Cardew ya ga waɗansu randuna a fadar Sarki waɗanda kyansu ya tsaya masa a rai, kuma aka shaida masa cewa aikin wata mata ce daga Kwali. An haifi Ladi Kwali wajajen 1925, ta kuma koyi ginin tukwane tun tana yarinya a hannun ɗaya daga cikin iyayenta mata, kamar yadda al'adar Gwari ta tanada, domin a wurinsu wannan sana'ar mata ce. Ba ta amfani da keken juyi. Takan ajiye curin yumɓu ta riƙa zagaya shi tana jan bangonsa sama da hannu, tana ƙara masa murɗaɗɗen yumɓu har randa ta tashi daidai wa daida kamar an auna, sa'an nan ta zana mata kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi da tsuntsu. A shekarar 1954 ta shiga cibiyar, ta zama mace ta farko a cikinta.

A nan ne ilmi ya bi hanya biyu. Ladi ta koyi aiki da keken juyi, ta yi faranti da kofuna kamar sauran ɗalibai, amma ba ta bar ginin hannu ba, kuma ba ta ɓoye shi ga kowa ba. Sai aka gwada haɗa ilmin biyu: ta gina randa irin ta Gwari da yumɓun cibiyar, aka shafa mata ruwan sheƙi, aka toya ta a rufaffen murhu. Abin da ya fito ya ba kowa mamaki. A wajen matar ƙauye wannan randa ba ta da amfani, domin ta yi nauyi, kuma tun da sheƙi ya toshe 'yan ƙofofin da ruwa ke tsattsafowa ta cikinsu, ta daina sanyaya ruwa. Amma a wajen masu sayen kayan ado ta zama abin da ba su taɓa gani ba, kuma kuɗinta ya ninka na randar kasuwa sau da yawa. Bature shi kaɗai ba zai iya gina ta ba, Bagwariya ita kaɗai ba za ta iya toya ta haka ba. Haja ce sabuwa da kasuwa sabuwa, waɗanda ba su cikin lissafin gwamnati ko na Cardew sa'ad da aka kafa cibiyar.

An baje kolin tukwanen Abuja a Landan a shekarun 1958 da 1959 da 1962, kuma aikin Ladi Kwali shi ne ya fi jan hankalin masu saye. A farkon shekarun 1960 ta je Ingila ta nuna yadda take gini a gaban ɗalibai da malamai, a 1972 kuma ta zagaya Amurka tare da Cardew da Kofi Athey, wani magini ɗan Gana da ya yi aiki a cibiyar. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, gwamnatin tarayya ta ba ta lambar yabo ta ƙasa ta masu hazaƙa a 1980, da lambar OON a 1981. Ta rasu a Minna a watan Agusta na 1984.

Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne, a duk waɗannan tafiye-tafiye aikinta shi ne ta tsaya a gaban ɗaruruwan mutane, cikinsu har da ƙwararrun magina, ta gina tukunya daga tushe har baki suna kallon kowane motsi na hannunta. In da nuna hanya yana kashe kasuwa, da tata ta mutu tun a Landan. Maimakon haka, kowane nuni ƙara mata daraja ya yi, domin wanda ya ga wahalar aikin da idonsa ya fi yarda ya biya kuɗinsa. Gani daban, hannu daban. Abin da ta yi shekaru 30 tana sarrafawa ba a ɗauke shi da kallon yini guda. Su kuwa waɗanda suka zauna suka koya da gaske, faɗaɗa kasuwar suka yi. Bayanta waɗansu mata sun shiga cibiyar, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa. A 1974 wata ɗaliba 'yar asalin Kenya mai suna Magdalene Odundo ta zo daga Ingila ta koyi ginin hannu a wurin matan cibiyar, kuma daga baya ta zama ɗaya daga cikin mashahuran magina na duniya. Ko da yaushe takan ambaci Ladi Kwali a cikin waɗanda suka koya mata, kuma wannan ambato yana cikin abubuwan da suka sa masu tara kayan tarihi suka sake waiwayar tukwanen Abuja.

Akwai wata ƙaramar al'ada ta cibiyar wadda, a ganinmu, ita ce ta fi cancantar 'yan kasuwa su yi nazari a kanta. A wancan zamani kowace tukunya kafin ta bushe akan danna mata hatimi biyu a gindi: ɗaya mai sunan Abuja da rubutun ajami, ɗaya kuma mai alamar wanda ya gina ta. Na Ladi Kwali haruffa biyu ne, LK. Watau ilmin na kowa ne, murhun na kowa ne, sunan gari na kowa ne, amma aikin kowane mutum yana ɗauke da shaidarsa. Hatimin gari yana sa kyakkyawan aikin mutum ɗaya ya ɗaga darajar sauran, hatimin mutum kuma yana hana rago fakewa a bayan gwani. Har yau idan tukunyar Abuja ta fito a gidajen gwanjo na Landan, gindinta ake fara juyawa a duba, kuma waɗannan haruffa biyu su ne ke bambanta farashi. Ashe abin da ya tsare wa Ladi haƙƙinta sunanta ne, alhali hanyar aikinta a buɗe take ga duk mai so.

Sai dai ba daidai ba ne a ba da labarin kamar komai ya tafi lami lafiya. Ta fuskar manufar da aka kafa ta dominta, cibiyar ba ta yi nasara ba. An so talaka da matsakaicin ma'aikaci su riƙa cin abinci a farantin tangaran na gida, amma farantin ya yi tsada, ga nauyi, ga saurin fashewa a hanyar mota, alhali kasuwa cike take da kwanonin ƙarfe masu fenti irin su langa da fanteka, waɗanda ke da araha, kuma mata ke jerawa a ɗaki. Daga baya roba ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Masu sayen kayan cibiyar suka zama Turawa da manyan ma'aikata da baƙi. Ƙananan rassan da aka buɗe a Sakkwato da Kano ba su yi tsawon rai ba. Ita kanta uwar cibiyar, da yake da kuɗin gwamnati take numfashi, ta yi ta ja da baya bayan rasuwar Ladi, duk da an sa mata sunanta, har ta kai lokacin da masu ziyara ke tarar da murhu a mace da gine-gine a lalace. Raba ilmi bai ɗauke wa kowa nauyin lissafin kasuwa ba. Wanda bai san mai sayen kayansa ba zai yi hasara ko da ya fi kowa kyauta.

Amma da ginin ya lalace, ilmin bai lalace tare da shi ba, domin an riga an zuba shi a kawunan mutane da yawa. Cardew ya bar aiki a 1965, Michael O'Brien ya gaje shi har zuwa 1972, kuma shi ma ya ci gaba da koyarwa hannu sake. Danlami Aliyu, wanda ya yi koyo a cibiyar a zamanin O'Brien, ya kafa wurin aikinsa a Minna, kuma da shi aka kafa na Maraba kusa da Kaduna. Wurin yin tangaran na Bwari, maƙwabciyar Garam, shi ma daga wannan tsatso ya fito. Ushafa, garin da ya ba cibiyar waɗansu daga cikin maginanta, ya yi sunan da har Shugaban Amurka Bill Clinton ya kai masa ziyara a watan Agusta na 2000. Da a ce Cardew ya yi irin ta Meissen, ya kulle ma'aunin sheƙi a akwatinsa, da ranar da ya hau jirgi sana'ar ta bi shi.

Masana tattalin arziki suna da bayanin dalilin haka. Ilmi ya bambanta da sauran kadarori: in ka ba maƙwabcinka buhun masara, naka ya ragu da buhu guda, amma in ka koya masa yadda ake hana masara ƙwari, saninka yana nan yadda yake. Abin da kawai zai iya raguwa shi ne fifikon da kake da shi a kansa a kasuwa, kuma wannan ya danganta ne da irin kasuwar. Misalin da suka fi kawowa ya faru ne a Konwal, yankin kudu maso yammacin Ingila, inda shi Cardew ma ya kafa wurin aikinsa. A da, a can ana haƙar kuza da tagulla, kuma sai da injin tururi ake zuƙe ruwa daga ramuka, ga shi yankin ba shi da kwal sai an kawo ta jirgin ruwa da tsada. Har zuwa 1800 haƙƙin mallakar injin mafi inganci yana hannun James Watt da abokin cinikinsa, masu ramuka suna biyansu kuɗi mai yawa suna guna-guni. Bayan wa'adin ya ƙare, a 1811 shugabannin ramukan suka shirya a riƙa buga rahoto kowane wata, wanda wani mai suna Joel Lean ya fara tattarawa, yana nuna yawan aikin da kowane inji ya yi da yawan kwal ɗin da ya ci. Duk wanda ya yi wata dabara ta yi kyau, sai kowa ya gani ya kwaikwaya ya ƙara tasa. Cikin shekaru kamar 30 aikin da injunan ke yi da ma'aunin kwal guda ya ninka fiye da sau biyu.

Me ya sa suka yarda? Domin ba junansu ne ke yanke musu farashi ba. Kuza da tagulla kasuwar duniya ce ke sa musu kuɗi, saboda haka in ramin maƙwabcinka ya rage cin kwal, kai ba ka rasa ko sisi ba, kuma gobe dabararsa za ta rage naka. Wannan shi ne ma'aunin da ɗan kasuwa zai riƙa ɗorawa a kai: shin ribar wanda zan koya wa daga aljihuna za ta fito, ko daga kasuwar da ta fi ƙarfinmu mu duka?

In aka ɗora garuruwa irin su Garam a kan wannan ma'auni, amsar a bayyane take. Manomin doya da ya gano hanyar adana ta har zuwa lokacin da take tsada ba zai karya farashin kasuwar Suleja ba don ya koya wa mutum 10 na unguwarsu, domin bakin Abuja ya fi gonakinsu faɗi. Hasali ma, motar dillali ta fi son zuwa inda za ta cika a wuri ɗaya. Haka masu buga bulo: ɗan kwangilar da ke neman bulo dubbai cikin mako guda ba zai tsaya wurin mutum ɗaya mai injin guda ba, sai inda ya san akwai mutane da yawa masu aiki iri ɗaya da inganci ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bugu da ƙari, mai saye daga birni ba ya rarrabe mutum da mutum, gari yake riƙewa. In bulon mutum ɗaya ya ruguje saboda ya tsuke siminti, za a ce bulon garin kaza ba shi da kyau, kuma gwanin da ya ɓoye ma'auninsa zai sha hukuncin tare da wanda bai sani ba.

Fataken Hausa sun daɗe da gane wannan, ko da yake sun yi shi ne a tsakaninsu kawai. A unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, cinikin shanu da goro ya tsaya ne a kan masu gida da dillalansu. Baƙo ya kawo shanu daga Arewa, bai san kowa ba, maigida ya sauke shi, ya ciyar da shi, ya gaya masa halin da kasuwa ke ciki, ya sayar masa da shanun bashi ga mahauta, ya kuma tsaya masa in aka ƙi biya. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo ya buga littafi a kanta a 1969, ya bayyana yadda dillalai ke tattara labarin kowane mahauci, wa ke biya, wa ke jinkiri, wa ya fara karyewa, kuma labarin yana zagayawa a tsakaninsu. Mahaucin da ya ci kuɗin wani sai ya tarar an daina ba shi bashi har sai ya biya. Masu gidan nan abokan takarar juna ne, kowa na son baƙi su sauka a wurinsa, amma sun san cewa in baƙo ɗaya ya koma Arewa yana kukan an cuce shi a Sabo, dukansu ne za su ji a jikinsu. Da wannan musayar labari aka yi ta cinikin dukiya mai yawa ba tare da takarda ko banki ba.

Wannan ba ya nufin duk abin da ɗan kasuwa ya sani na rabawa ne. Akwai bambanci tsakanin fasaha da amana. Yadda ake aiki, yadda ake gane jabu, yadda ake rubuta shiga da fita, wace hanya ce ta fi aminci, waɗanne takardu hukuma ke nema, duk waɗannan rabawa ba ta rage mai su. Amma sirrin abokin ciniki, da rangwamen da wani ya yi maka don mutunci, da halin ƙuncin da wani ya gaya maka a ɓoye, waɗannan ba naka ba ne balle ka bayar. Haka kuma wanda ya kashe dukiya mai yawa ya ƙirƙiro sabon abu yana da haƙƙin ya yi rajistarsa ya mai da kuɗinsa, kuma doka ta ba shi wannan dama na wani wa'adi. Malamai sun yi hani mai tsanani ga ɓoye ilmin da jama'a ke bukata, amma su ɗin ne kuma suka yi hani ga tona amana.

Saura batun da aka faro da shi, watau yaron da zai ƙware ya tafi. Gaskiya ce zai tafi, kuma maigida ya yi hasarar lokaci da kayan da yaron ya ɓata yana koyo. Abin da ke hannun maigida shi ne yadda tafiyar za ta kasance. 'Yan kasuwar Ibo, waɗanda ke da yawa a kasuwannin Suleja, sun tsara abin tun daga farko: yaro zai yi wa maigida hidima na shekarun da aka yi yarjejeniya a gaban iyaye, maigida zai nuna masa komai har da wurin sari, in wa'adi ya cika kuma ya sallame shi da jari. Yaron da aka sallama haka yakan ci gaba da sarin kaya a wurin maigidansa, ya zama masa tamkar reshe a wani gari wanda bai biya hayarsa ba. A wurin Hausawa ma akwai al'adar maigida ya ɗaure wa yaronsa gindi, ya yi masa aure ya ba shi jari, sai dai ba a cika yanke wa'adi ba, kuma rashin wa'adin nan shi ke haifar da yawancin rigingimun da ake kai wa shugabannin kasuwa, inda yaro ke ganin an ci ƙuruciyarsa, maigida kuma na ganin an yi masa butulci. Ƙungiyoyin masu sana'a a Garam da Sabon Wuse da Suleja za su iya rage wannan da takarda guda mai shaidu biyu, wadda za ta faɗi shekarun koyo, da abin da za a koyar, da abin sallama, da kuma tazarar da sabon shago zai ba tsohon.